Fansar Gonar Gawo

Bana ma ruwa ya yi nawa. Watan shuka ya kama har ya yi nisa, amma in ka ɗaga kai sama fes take, ko ɗan gajimaren da zai yaudari mutum babu. Zafi kuwa ba a magana. Tabarmar da na shimfiɗa a inuwa kan ɗau ɗumi kafin in gama alwala. Ni da ba ni da ko taƙi ɗaya na gona a garin nan, sai in iske kaina ina leƙen gabas ta saman katanga, ina shinshina iska kamar tsohuwar akuya. Jikokina sai dariya suke yi mini.

A Sakkwato nake zaune yanzu, gidan babban ɗana, tun da hanyar garinmu ta zama abin da ta zama. Ba ni faɗin sunanshi, ɗan fari ne. Baffa kowa ke ce mai, ni ma na bi sahu. Ya kusa ajiye aikin gwamnati, kuma hankalinshi ba a kwance yake ba. Gidan nan da rancen banki ya gina shi, bai gama biya ba. Akwai kuma wani kati da yake sayayya da shi a biya daga baya, shi ma wai bashi ya taru a kanshi. Da la'asar in ya dawo ofis ba ya iya zama. Daga bakin famfo zuwa ƙofar gida, daga ƙofar gida zuwa bakin famfo, hannuwa goye a baya.

Shekaranjiya na gaji na ce, "Kai, wannan sintiri fa? Za ka ƙarar wa sumunti da rai."

Ya ce, "Inna, so nake in ajiye aikin ga ba wanda ke bina ko sisi."

"To wanne za ka fara biya?"

"Na katin. Shi ne mai ƙaruwa kullum."

Na ce oho, kai ka san lissafinku na zamani. Amma ubanka ma ƙaramin ya fara biya, kuma sai da na yi kwanaki ban yi mai maganar kirki ba. Ya tsaya yana dubana. Lokacin yana makarantar kwana, abin da ya sani game da shekarar nan kaɗan ne.

A Gatawa muke zaune a wancan zamani. Maigidana, Malam, malamin dabbobi ne. Shi ke bin rugage a kan keke yana yi wa shanu allura, tun daga wajen Sabon Birni har gefen Isa, inda ofishinsu yake, inda kuma ake biyan su albashi. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Mutum ne dogo, marar son hayaniya, mai ɗan karen son girma. Rigarshi ɗaya ta fita, amma kullum a wanke take a ninke. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne a ce ana bin shi, kuma Allah da ikonsa sai ya ɗora mai bashi biyu.

Na farko gona ce. Gonar Gawo muke ce mata, saboda manyan gawo da ke tsakiyarta. Gadon ubanshi ce, jigawa mai karɓar gero. A farin farko, wancan rashin ruwan da ya riga wannan da nake ba da labari da kamar shekara goma, 'yan'uwan Malam sunka taru a gidanmu da iyalansu, ga tsohuwarshi da rai, rumbu kuwa wayam. Sai ya jinginar da gonar ga Alhaji Ɗanjimma, wani dattijo mai fataucin gishiri da kanwa daga arewa. Jingina kuwa kowa ya san yadda take a wajenmu. Ka karɓi kuɗi, mai kuɗi ya karɓi gona yana noma har ran da ka mayar mai da abinshi. Sai dai akwai ƙa'ida: ba a fansar gona da shuka a cikinta. Daga girbi zuwa ruwan shuka kake da dama. In iri ya shiga ƙasa, ƙofa ta rufe.

Na biyu bashin kanti ne. Isuhu mai kanti ke ba mu kananzir, sabulu, gishiri, wani lokaci garin rogo, sai ƙarshen wata a biya. Muddin albashi na zuwa, ba wata matsala. To, albashi ya fara tsallake wata, ya koma tsallake watanni.

Damanar da ta gabata ta riga ta ba mu kashi. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya bushe a tsaye. Bayan ɗan abin da anka kira girbi, Alhaji Ɗanjimma ya sa anka kira Malam gaban mai gari da liman. Ba da faɗa ya zo ba. Ya ce raƙuman da ke kawo mai gishiri sun mutu a hanya, jarinshi ya karye, ga iyali. Ya haƙura shekara da shekaru. Yanzu ɗayan biyu yake so: ko a ba shi kuɗinshi kafin ruwan shuka, ko kuwa ya cika abin da ya rage, jingina ta koma ciniki, gona ta zama tashi har abada. Malam ya ce ya yarda. Anka shafa fatiha.

Da ya dawo ya faɗa mini, na ce, "Ka yarda? Da wane kuɗin?"

Ya ce, "Ige, baɗi war haka na ajiye aiki. In ina da albashi ban fanshe ta ba, da fansho za ni fanshe ta? Fanshon da sai ka tsufa a bakin ofis kafin a ba ka? Gara a yi ta ta ƙare."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya ba ni haushi. In aikin nan ya ƙare ba mu da gona, ba mu da komai. Sai dai mu koma yin ƙwadago a gonakin mutane, ni da tsoho da ƙananan yara uku.

Ranin shekarar nan ban taɓa ganin irinshi ba. Rijiyar unguwarmu ta ja baya har sai da anka ƙara wa igiya tsawo sau biyu. Tun da asuba muke jera tuluna, guga ya sauka ya daɗe, ya hau da rabin ruwa rabin laka. Ka kai gida ka jira ya kwanta kafin ka ba yaro. Gulbi ya zama rairayi, mata na tona shi da sakaina. Mutanen arewa sunka riƙa kwararowa, Buzaye da Fulani, da jakuna da 'yan tarkacensu, su yada zango a bayan gari. Shanun da Malam ya yi shekaru yana yi wa allura sunka riƙa faɗuwa a bakin hanya. Wari ya cika daji, ungulaye har sun ƙoshi sun daina gudun mutane. Da can in ya dawo daga ruga, ƙwaryar nono ce da man shanu a bayan keke. Yanzu sai ya dawo da ƙura a gemu, ya jingine keken ya zauna. Wata rana ya ce mini, "Ardo ya yi kuka a gabana yau."

Abinci kuwa sau ɗaya ne, da yamma. Da safe in dama kunun dusa mai ruwa-ruwa in ba yara. Mu mata mu kan fita rukuni-rukuni neman anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana canza ruwa kafin su ciwu. Ga ruwan ma wahala. Ko yanzu in na tuna, sai in ji ɗacin a bayan harshena. Waɗansu har gidan tururuwa sunka tona don 'yan ƙwayoyin da ke ciki. Ni ban kai nan ba, amma na tsaya na kalli ana yi, kuma ban ga laifin kowa ba.

Cikin wannan hali muke tara kuɗin fansa. Awakina na fara kaiwa kasuwar Sabon Birni. Kai, ranar na ga wulaƙanci! Kowa dabba ya kawo, ba mai saye. Akuyar da na raina tun tana 'yar ƙarama, dillali ya daddanna bayanta ya yi tayin da ko kaza ba za a yi wa ba a shekarar arziki. Na zage shi, na ja akuyata na yi gaba, na zagaya kasuwa, na dawo na sallama mai. Bayan awaki sai tasoshin jerena, waɗanda uwata ta tara mini. Sai zannuwan da nake ajiya. Duk abin da ya shigo, Malam ya ƙulle a tsumma ya sa cikin tukunya a ƙarƙashin gado. Iri kaɗai na hana a taɓa. Damin gero ɗaya ne, na rataye shi a saman ɗaki, na ce duk wanda ya kai hannu za ni karya hannun, ko na Malam ne.

Can tsakiyar rani anka biya su wani abu daga cikin albashin da anka riƙe. Da na ga ya shigo da fara'a na yi hamdala, na ce tukunya za ta yi nauyi. Ashe gogan naka ya biya ta kantin Isuhu ya zube mai duk abin da yake bi.

Na ce, "Malam, mi ka yi?"

"Na biya Isuhu."

"Duka?"

"Duka. Kin san abin da yake yi mini? A ƙofar masallaci yake gaishe ni da ƙarfi. 'Malam, ya aiki? An yi albashi kuwa?' Gaban mutane, Ige."

"To sai mi? Gaisuwa tana kisa? Isuhu zai iya jira, wata nawa ya yi yana jira? Ruwan sama za ka ce wa ya jira ka?"

"Bashi bashi ne."

"Wallahi ba ɗaya ba ne! Wancan kunya za ka ji, wanga kuwa gonar ubanka ce."

Ya tashi ya fita. Na yi kuka ranar, kukan haushi. Na ci gaba da ba shi abinci da ruwan alwala, amma in ya yi magana sai in ce "to" kawai. Shi ma ya san ya yi wauta, sai dai mutum irin Malam ba ya faɗin haka da baki. Abin da ya yi shi ne, ran kasuwa ya tura kekenshi Sabon Birni ya dawo a ƙasa. Na ga ƙafafunshi sun yi furu-furu, na ɗebo ruwan da ya rage a randa na ajiye mai. Daga nan munka shirya.

Bazara ta shigo. Iska ta juya, zafi ya koma mai ɗanko, wanda ke sa riga ta manne a baya. Da la'asar hadari kan taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi ruri, yara su fito suna tsalle, sai iska ta zo ta watsa shi. Duk garin idonsu na sama. Mu ma idonmu na sama, amma abin da ke ranmu daban. Za ni faɗi gaskiya: duk ran da hadari ya haɗu, tsoro ke kama ni. In ya watse, maƙwabta su yi salati, ni kuwa in ji numfashina ya dawo. Ga 'ya'yana da haƙarƙari a waje, ga ni ina jin sanyi don ruwa bai sauka ba. Ban taɓa shiga ruɗu irin wannan ba. Ba ni iya zama, ba ni iya kwanciya. In share tsakar gida, in sake share ta, in leƙa tukunya, in leƙa sama.

Alhaji Ɗanjimma bai yi binne ba, wato shuka a busasshiyar ƙasa a jira ruwa. Ba wanda ya yi a shekarar, iri ya yi tsadar da ba a caca da shi. Amma ya sa 'ya'yanshi sun share gonar, sun ƙone kara, sun gyara sungumi. Malam kan bi ta wajen da yamma ya tsaya daga nesa ya duba, ya dawo.

Da abin ya yi tsanani, liman ya sa anka yi shelar roƙon ruwa. Maza sunka fita filin idi da rana tsaka, ba takalmi, anka juya riguna. Mu mata munka daka ɗan abin da ya samu munka yi gumba anka raba wa yara sadaka. Malam ya dawo ya shige ɗaki. Na bi shi da ruwa, na iske shi zaune a bakin gado, rigar har yanzu a juye.

Ya ce, "Ige, liman na addu'a, mutane na kuka, ni kuwa bakina ya yi nauyi. Na ce amin, amma zuciyata cewa take a ƙara mini kwana kaɗan. Wane irin mutum ne wanga?"

Na ce, "Irin matarshi ne. Sha ruwa."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Sannan ya ce ya ji labari za a biya sauran albashi a Isa cikin makon nan. Abin da ke tukunya ya kusa, wannan ne zai cika. Washegari ya bi motar kasuwa ya tafi, ya ce ba zai dawo ba sai da kuɗin a aljihu.

Na kan duba Baffa yanzu in ga wayarshi ce ke gaya mai ranar da za a cire kuɗin bashi, da abin da ya rage. Aƙalla shi ya san ranar. Mu ranarmu tana cikin gajimare. Amma kuma na tambaye shi ko ya san fuskar mai bin shi, ya ce banki ba shi da fuska, Inna.

Malam ya kwana, ya sake kwana, shiru. Wani direba ya kawo saƙon baki cewa mai biyan kuɗi ya tafi Sakkwato, ana jiran shi. Ma'aikata na nan zube a gindin bedi, wato dogon yaro, a ƙofar ofis, Malam na cikinsu.

Ran nan da la'asar ina tankaɗen dusa sai na ji iska ta tsaya cak. Kaji sunka shige ƙarƙashin rumbu. Gabas ta yi baƙi ƙirin har ƙasa. Na ce a raina wannan ma zai watse. Sai ɗigo ya faɗo mini a hannu, babba, mai ɗumi. Kafin in kwashe faifai ruwa ya kece. Ƙamshin ƙasar nan ya tashi, wanda ya shekara bai zo hancinmu ba. Garin ya ɗauki guɗa da kabbara. Yarana sunka tuɓe sunka faɗa tsakar gida suna buɗe baki sama. Na jera tukwane da ƙore a bakin indararo, ina cewa alhamdu lillahi, ina hawaye. Ƙaramar ɗiyata ta ce, "Inna, murna kike?" Na ce i, murna nake. Ruwa bai ɗauke ba sai bayan magariba.

Da asuba gari ya fashe. Maza da sungumi a kafaɗa, mata da yara da ƙoren iri, kowa na sauri kar rana ta shanye danshi. Ban san abin da ya fitar da ni ba. Ba ni da wata dabara, kuɗi ba su cika ba, kuma mace ba ta tsayawa ta yi ciniki da dattijo a kan gona. Na dai yafa mayafi na bar yara wajen maƙwabciya, ƙafafuna sunka kai ni Gonar Gawo. Na tsaya a gindin itace. Ƙasa ta yi duhu, ta yi taushi, sawuna na nutsewa. Gonar da ke dama da ta hagu duk an fara sara, ana jefa iri ana takewa da diddige.

Ba a jima ba sai ga Alhaji Ɗanjimma a kan jaki, 'ya'yanshi biyu a baya. Babban, Hamza, shi ke ɗauke da sungumi, ƙaramin da ƙwaryar iri. Alhajin da na sani mai jiki ne, amma ranar wuyanshi ya zama siriri cikin riga. Ashe yunwar ba gidanmu kaɗai ta sani ba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Matar Malam ce? Lafiya da sassafe?"

"Lafiya lau, Baba Alhaji. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ina Malam?"

"Yana Isa. Albashi yake jira."

"Bai dawo ba?"

"Bai dawo ba."

Ya dube ni. Ban roƙe shi komai ba, bakina ma ba zai iya ba. Ya sauko daga jaki da ƙyar. A wajenmu ba a shuka sai an gwada ƙasa. Mutum zai tura hannu cikin rairayi, in danshi ya wuce tafi ya kai wuyan hannu, ruwan shuka ne. In ya tsaya a yatsu, yayyafi ne, iri zai tsiro ya ƙone. Alhaji ya taka zuwa tsakiyar gona, ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, ya tura. Ina tsaye kusa, ina gani. Hannun ya shige har ya wuce inda ake ɗaura agogo. Da ya zaro shi, jiƙaƙƙen rairayi ya manne mai har kusa da gwiwar hannu. Na ce shi ke nan, ta tafi.

Ya daɗe a tsugune yana kallon ramin. Sannan ya saki hannun riga ya rufe, ya miƙe.

Ya ce, "Bai kai ba."

Hamza ya ce, "Baba?"

"Na ce bai kai ba. Hadarin ya ratse gonar ga."

"Baba, ga su Malam Audu can har sun yi layi uku. Iyaka ɗaya fa muke da su."

"Su Audu gonarsu sunka gwada. Wagga shekara goma ina nomanta, ni na san cikinta. Kai za ka koya mini ƙasa? Ɗauki sungumi mu tafi."

Yaron ya dubi hannun ubanshi, ya dube ni, ya saɓa sungumi. Alhaji ya hau jaki. Da zai wuce ta gabana ya rage murya ya ce, "Ɗiyata, in Malam ya dawo ki ce mai ruwa ya ratse Gonar Gawo. Haka za ki ce. Kin san halin mijinki."

Na san shi kuwa. Da ya ji cewa alfarma anka yi mai, da ya mayar da gonar, ya ce alkawari alkawari ne.

Sai bayan kwana biyu Malam ya dawo, a bayan motar itace, idanu sun faɗa. A Isa yayyafi kawai anka yi, amma tun a hanya ya ga gonaki a shuke, ya riga ya sallama. Ya shigo ko sallamar kirki bai yi ba, ya ce, "An shuka ta?" Na ce ba a shuka ba, ruwa ya ratse ta, Alhaji da kanshi ya gwada. Ya ce, "Ratsewa?" Na ce ai ka san ruwan farko, ya jiƙa wannan ya tsallake wancan. Bai zauna ba. Ya fita da sauri har gona. Rana ta riga ta yi kwana biyu tana dukan rairayi, sama ya bushe fari fat. Ya dawo yana ta hamdala, yana cewa Allah ya dubi maraicinshi. A ranar, kafin la'asar, ya kwashi abin da ke tukunya ya haɗa da na aljihu, ya kai gaban mai gari da liman. Alhaji ya karɓa, anka shafa fatiha, gona ta dawo.

Ruwa na biyu ya daɗe bai zo ba. Da ya zo munka sauko da damin nan munka shuka, ni da Malam da yara, yana sara muna binne. Ban taɓa ganin shi da sauri irin na ranar ba, har waƙa na ji yana yi a maƙoshi. Amma damanar gajera ce. Gero na cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke. Waɗanda sunka shuka a ruwan farko su ne sunka tsira da wani abu. Mu abin da munka samu bai kai mu sanyi ba. Da Alhaji ya shuka ta ran nan, da ya cika rabin rumbu, ga gona ta zama tashi. Kuɗin da munka ba shi kuwa hatsi ya cinye su kafin kaka, don kuɗin kwanon hatsi kullum hawa yake. Na ga ran da anka ja jakinshi kasuwa. Hamza da ƙanenshi sunka tafi cin rani kudu, sai bayan shekaru sunka dawo. Duk ran da na yi tuwo na kan aika da kwano gidansu in ce na tsohuwar Alhaji ne. Abin da na iya ke nan.

Malam ya ajiye aiki kamar yadda ya so. Fansho ya yi ta jan ƙafa, amma shekarun ruwa sunka dawo, Gonar Gawo ta riƙe mu. Da ita anka yi wa yara karatu da aure. Alhaji Ɗanjimma ya riga Malam rasuwa, bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Malam kuwa ya tsufa yana ba da labarin hadarin da ya ratse gonarshi. In baƙi sun zo sai ya gyara zama ya ce, "Ni da kunka gani, na bar aikin gwamnati ba mai bina ko ƙwayar gero." Ni ina gefe ina tsinke zogale. Sau da yawa maganar ta zo mini har baki. In na dubi yadda fuskarshi ke haske sai in mayar da ita.

Ran da Malam ya cika, anka yi mai wanka anka fitar da shi ƙofar gida. Mu mata muna daga ciki, bayan katangar zana, muna jin komai. Kafin a tayar da salla liman ya yi tambayar da ake yi wa kowane mamaci. Ya ce, "Jama'a, akwai mai bin Malam bashi? In akwai ya faɗa, ga 'ya'yanshi nan."

Wuri ya yi tsit. Na riƙe bakin zane na damƙe. Liman ya sake tambaya. Sai na ji an yi gyaran murya daga sahun baya, muryar da na sani. Hamza ne, ɗan Alhaji, lokacin shi ma ya yi furfura.

Ya ce, "Ba mai bin shi, Liman. A yi mai salla."